Ƙunshi Goma Sha Ɗaya a Ƙarƙashin Teburin Tela

Zuwa ga Malam Inuwa,

Assalamu alaikum. Don Allah Malam ka taimake ni da shawara, kuma in da hali ka amsa mini kafin Sallah, domin bayan Sallah amsar ba za ta yi mini amfanin komai ba. Na daɗe ina karanta filinka in jarida ta iso mana, amma ban taɓa zaton wata rana ni ma zan zauna in rubuto maka ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, kuma maganar tana da ɗan tsawo.

Ni tela ne a Nguru. Shagona yana kan hanyar da ta taso daga tashar jirgin ƙasa ta nufi kasuwa, tashar motocin Gashuwa kuma tana nan gaba kaɗan. Da yake ba na noma, ba na fatauci, tun hantsi har yamma ina kan keke, sai shagona ya zama wurin ajiye saƙon mutanen unguwa. Ban nema ba, babu kuma wanda ya naɗa ni. Shekara shida ke nan da wani ma'aikacin jirgi ya zo da kwalin maƙwabcina Lanre, akawun wani kamfanin gyaɗa, ya tarar da ƙofarsa a kulle, ya ce in riƙe masa. Na riƙe. Shi ke nan, daga ranar duk direban da ya rasa mai kaya sai a ce masa, kai wa tela, yana karatu.

Na sha wahalar abin, ba kaɗan ba. Akwai lokacin da manjan Lanre ya tsiyaye daga kwalba ya ɓata shaddar wani alhaji da na riga na yanka. Akwai ƙunshin turaren wuta da ya zo daga Maiduguri da sunan Mairam kawai, alhali Mairam biyu gare mu a layi, na ba mai ƙosai, ashe na matar ladan ne. Kafin gaskiya ta fito an ƙone rabinsa, kuma har yau gaisuwarsu daga nesa ce. An taɓa bar mini zakaru biyu kwana uku, suna cara ina ɗinki. Duk wannan na haƙura, don maƙwabtaka ce, kuma in zan faɗi gaskiya ina jin daɗin abin. Ni mutum ne mai son sanin abu, Malam, wannan halina ne tun ina yaro. In an kawo ƙunshi sai na auna shi a hannu, in girgiza, in shinshina. Ta ƙamshi kaɗai ina iya gaya maka wannan daga Kano yake, wancan daga kudu. Amma ban taɓa kwance igiyar kowa ba, sai a kan maganar da zan ba ka yanzu.

Akwai wata tsohuwa, Gogo Zinariya, ɗakinta yana jingine da bayan shagona. Saƙar tabarma da faifai take yi. Ta fi shekara ashirin a Nguru ita kaɗai, ba miji ba ɗa. Hausarta da ɗan karin harshen Bade, amma in ka tambaye ta garinsu sai ta ce garin da take kwana shi ne garinsu. Ita ta yi wa matata Zainabu wankan jego duk haihuwarta uku, 'ya'yana kuma a kan tabarmarta suka koyi rarrafe. Uwa na ɗauke ta, ɗana take ce mini.

Bara, bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, Babayo direban motar Gashuwa ya ajiye mini wani ƙunshi cikin takardar siminti, an ɗaure da igiyar kaba, an rubuta da ajami: Zinariya, bayan shagon tela. Na ɗauka da murna na kai mata, don ban taɓa ganin an aiko mata ko allura ba. Idonta ya yi rauni, don haka ba rubutun ta duba ba, hannu ta sa ta shafa ƙunshin. Da yatsunta suka kai kan ƙullin igiyar sai ta tsaya, ta sake shafawa, sannan ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta ce in ɗauke, ba nata ba ne. Na ce ai sunanta ne a jiki. Ta ce Zinariya nawa ce a duniya. Ta koma kan saƙarta, ba ta ƙara ko kallona ba.

Na tari Babayo na ce ya mayar. Ya ce shi an ba shi ya kawo ne, ba a ba shi ya mayar ba, kuma wani mutum ne ke miƙo masa a tasha, bai san sunansa ba. Sai na tura ƙunshin ƙarƙashin teburin yanka, ina cewa in ta huce ta karɓa. Da sabon wata ya kama, sai ga wani. Irin takardar, irin igiyar, irin ƙullin, wani ƙulli mai kunne biyu da ban taɓa ganin irinsa ba duk da sana'ata ta zare ce. Na kai mata, ta shafa, ta ce in ɗauke. Haka muka yi ta yi wata bayan wata. Yanzu goma sha ɗaya ne.

Da bazara ta yi zafi, wajen ƙunshi na shida, shago ya ɗauki ƙarni, kyanwoyin unguwa suka tare a ƙofata, ɓeraye suka cinye gefen zanen wata mata. Zainabu ta ce ko in buɗe ko in zubar. Na buɗe a gabanta, kuma ba zan ɓoye maka ba, ɗoki ne ya cika ni, ba tsoron Allah ba. Banda ce a ciki, tarwaɗa manya zaɓaɓɓu. A ɗaya akwai turmin atamfa shuɗi, a wani kwalbar man shanu. Na zazzage kowace takarda ko zan ga wasiƙa, babu ko harafi. Zainabu ta sake kyafe kifin, muka zuba a garwa muka rufe. Ka san irin shekarar da muke ciki, farin nan ya sa gero ya yi wuya, yarana suna wucewa suna kallon garwar, amma wallahi ko ƙaya ba mu taɓa ba. Duk da haka magana ta fita a unguwa cewa tela ya fara kwance saƙon mutane, har matar ladan ta ce ita dama ta sani.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ƙunshi na takwas. A cikinsa akwai kwalli da 'yar kwalbar maganin ido irin na asibiti. To a watan ne idon Gogo ya fara ruwa. Na tara kuma takalmi ne na roba, na gwada shi a kan sawunta a ƙofar shago, daidai wa daida, kuma a watan ne nata ya tsinke. Wa ke kai labari? Na zargi Zainabu, na zargi matar Lanre, har mai ƙosai na zarga. Sai in tsayar da keke in yi ta tunani har mai kaya ya ce tela lafiya.

Wani abu kuma. Da damina motar Babayo ta lalace a Jajimaji, ƙunshin ya makara kwana tara. A kwanakin nan Gogo ta shigo shagona sau uku, yau in zura mata zare a allura, gobe in ara mata almakashi, ita da ba ta shigowa sai da dalili. Takan tsaya ta fuskanci hanyar tasha. Ran da ƙunshin ya iso na kai mata, ta shafa ƙullin ta daɗe, sannan ta ce ɗauke min shi daga nan. Zainabu ta ce a ranar ne ta ga Gogo ta cinye tuwonta tas.

Daga nan na kasa haƙuri. Cikin watan Sha'aban na rufe shago na ce zan je sayen zare, na hau wata mota, ba ta Babayo ba, na tafi Gashuwa da guntun igiyar a aljihu. Na bi rumfunan masu banda ina duba ɗaurin kwanduna har na ga ƙullin mai kunne biyu. Na tambayi mai rumfar, ya ce ai wannan ɗaurin gidan su Gaji ne, ba mai yin sa yanzu sai shi, ya kwatanta mini wurinsa a bakin kogi. Kogin ya janye ƙwarai, inda suka ce da can yana shanye raƙumi yanzu yara ke tsallakawa da ƙafa.

Na same shi yana kyafe 'yan kifayen da ba su cika faifai ba. Dattijo ne, zai yi hamsin da biyar, gemu fari, kuma da na dubi goshinsa da hancinsa, sak na Gogo, ban buƙaci a gaya mini komai ba. Da na ce ni ne telan Nguru, sai ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira ni da sunana, ya tambayi Zainabu, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Nan na gane mai kai labarin. Ni ne, Malam. Duk ran da Babayo ya kawo ƙunshi sai ya zauna a bencina ya sha ruwa ya ce ya tsohuwa, ni kuma da surutuna in kwashe komai in gaya masa, idonta, takalminta, tarin da ta yi da sanyi. Wata uku ina neman ɓarawo ashe a bakina yake.

Gaji ƙanen Gogo ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autansu. Ya zaunar da ni ya ba ni labarin da kansa, ban ma tambaya ba. Shekara ashirin da uku da suka wuce, shekarar wata babbar ambaliya, mijin Gogo ya riga ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Kaka, mai shekara goma. Ana biki a ƙetaren kogi, yarinyar tana kuka tana son zuwa, uwar ta ce yau ba mai ƙetare ruwan nan, ta tafi gona. Shi kuma lokacin yana ji da ƙarfi, ba wanda ya kai shi iyo a garin, sai ya ɗora yarinyar a kan goran ƙetare ruwa ya ce kafin yayarsa ta dawo sun je sun komo. A tsakiyar ruwa wani kututture da ambaliya ta ɗauko ya buge su. Shi ya fita. Ita sai bayan kwana biyu aka same ta. Ya ce Gogo ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, ko kallonsa ba ta yi ba; da aka yi sadakar arba'in ta ɗaure kayanta ta bar gari, ba wanda ya san inda ta nufa. Ya ce da ta zage shi da ya samu sauƙi. Sai bara ya ga wata tabarma a motar Babayo, ya gane saƙar, irin ta mahaifiyarsu ce, ya bi diddigi.

Har nan ina iya ɗauka. Amma sai ya yi murmushi ya ce ya gode wa Allah da take karɓa, Babayo ya gaya masa kowane wata tana karɓa, ba ta cewa komai amma tana karɓa. Ya tambaye ni ko ni na ɗinka mata atamfar. Malam, na gyaɗa kai. Ya ce maganin idon fa, ya yi amfani? Na ce alhamdu lillahi. Ya ce to tunda haka ne zuciyarsa ta ba shi lokaci ya yi, ba zai aiko da na watan azumi ba, shi zai kawo da kansa kwana uku bayan Sallah, ya durƙusa a gabanta. Ya sa aka kawo mini tuwo da miyar kifi, na ci abincin mutumin da ƙarya a bakina, ya raka ni har tasha yana sa mini albarka.

Da na dawo na tsare Babayo. Bai musa ba. Ya ce a watan farko mutumin ya tsaya a tasha tun safe yana jiran motarsa don ya ji ko ta karɓa, da ya dubi fuskarsa sai ya kasa cewa a'a, daga nan kuma ƙaryar ta yi ta haihuwa. Yanzu shawararsa ita ce in ɗinka atamfar in ba Gogo a matsayin kayan Sallah daga gare ni, in ba ta takalmin ma, don in Gaji ya zo ya gan ta da su. Zainabu kuwa cewa ta yi in ja bakina in yi shiru, in bar su su haɗu, in ta ji muryar ɗan'uwanta jini zai yi aikinsa. Ni kuma ga aikin Sallah ya taru, jiya na ɗinka wa wani aljihu a baya.

Malam, me zan yi? In na gaya wa Gogo na je Gashuwa na tono abin da ta binne shekara ashirin da uku, ina tsoron ta ɗaure kayanta ta bar Nguru kamar yadda ta bar can, kuma yanzu da tsufa da raunin ido ina za ta? In na gaya wa Gaji gaskiya, na kashe masa abin da yake rayuwa a kansa. In na yi shiru, ranar tana zuwa. Kifin nan na wa ne yanzu? Na yi laifi da na buɗe? Kuma abin da na fi son sani, wanda ko na samu mafita ba zai bar ni ba: in ba ta so, me ya sa ba ta taɓa cewa in zubar ba, ko in daina kawo mata? Me take nema a jikin ƙullin nan da take shafawa kowane wata?

Naka cikin damuwa,
Tela Mai Ajiya, Nguru.

AMSA

Wa alaikumus salam, Tela Mai Ajiya. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na sa ta gaban sauran saboda ranar da ka ambata. Na sauya sunayen mutanenka, amma ka sani telan da ke tsakanin tasha da kasuwa a Nguru ba shi da wuyar ganewa. Don haka ran da ka karanta wannan, ran nan za ka fara aiki, kafin wani ya riga ka kai wa tsohuwa labari a karkace.

Buɗe ƙunshin ba shi ne laifinka ba. Kaya yana lalacewa, mai shi ta ƙi, mai aikowa ba a san shi ba, ka buɗe a gaban shaida, ka gyara ka adana, a shekarar da yaranka ke kallon garwa. Wannan riƙon amana ne, kuma ka bar matar ladan da bakinta. Kuskurenka ya riga wannan: tun ƙunshin farko da aka ƙi, ya kamata ka ce wa direba ba ka karɓar na biyu. Mai ajiya tsakanin mai bayarwa da mai karɓa yake. In ɗaya ya janye hannu, ajiya ta ƙare, abin da ya rage kaya ne a wuyanka. Nan gaba kada ka karɓi abin da ke numfashi ko abin da ke ruɓewa sai mai shi ya san da zuwansa, kada ka karɓi saƙo da suna ɗaya tilo ba sunan uba ko na miji, kuma labarin maƙwabci ba ya cikin abin da ake ba direba tare da ruwan sha.

Tafiyarka Gashuwa son sani ne ya kai ka, kai ma ka faɗa, ba zan ƙara maka ba. Ni kaina da na kai wurin ƙullin nan na ƙosa in ji ƙarshe. Sai dai abin da ka jiyo ba naka ba ne, kuma gyaɗa kan da ka yi ya mai da kai abokin Babayo a cikin ƙaryarsa. Na san tausayi ne ya jawo, naka da nasa. Amma ka dubi inda tausayin ya kai: mutum zai baro garinsu da zuciya fara, ya durƙusa gaban wadda ba ta san yana tafe ba, yana gode mata a kan abin da ba ta yi ba.

Shawarar Babayo kada ka kusance ta. Ka sa wa tsohuwa mai raunin ido tufar mutumin da ta ƙi kayansa sau goma sha ɗaya, da sunan kyautarka? Ran da ta gane, kuma za ta gane a bakin Gaji tun kafin ya gama gaisuwa, ta rasa ƙane ta rasa ɗa a rana ɗaya. Ta Zainabu ta fi tsabta, amma caca ce, kuma ba da zuciyarku za a buga ta ba. Mai yiwuwa jini ya yi aikinsa. Mai yiwuwa kuma ta ji muryar ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe, a gaban unguwa.

Kowannensu yana da haƙƙi. Gaji ya yi ganganci yana ji da ƙarfi, bai yi nufin kisa ba, ya ɗauki abin shekara ashirin da uku, kuma a shekarar da kogi ya ƙafe yana zaɓar mafi kyawun abin da ya kama yana aikawa. Irin wannan ya cancanci a gaya masa gaskiya, ba a lallaɓa shi kamar yaro ba. Gogo kuma 'ya ɗaya gare ta, ta hana, aka saɓa mata, ta rasa. Ba ta kai shi gaban alƙali ba, ba ta yi masa baki ba, nesa kawai ta nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yafiya tata ce, ba a ƙwace ta, ba a kuma sace ta da dabara.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ni ban ga zuciyarta ba, hasashe zan yi. Ina jin ƙullin nan shi ne wasiƙar da ka zazzage takardu kana nema. In ta shafa ta san hannun da ya ɗaura yana raye, yana da ƙarfin jan igiya. Shi ya sa kwana taran nan suka dame ta. Amma kada ka yi saurin fassara wannan da yafiya. Mutum yana iya son ɗan'uwansa ya rayu lafiya, kuma bai shirya ganin fuskarsa ba. Duka biyun suna zama a zuciya ɗaya.

To ga abin yi. Ka fara da Gogo, don ita ce kusa, kuma ita aka fi ɓoye wa. Ku je kai da Zainabu bayan an sha ruwa, ba yara a wurin. Ka fara da laifinka: ka buɗe, ka je, ka ji, ka yi ƙarya da sunanta. Ka nemi gafararta a kan wannan kaɗai. Sannan ka gaya mata yana nufin zuwa, da ranar, kuma ka ce ba za a kawo mata shi ƙofa ba sai da izininta. Kada ka yi mata wa'azin zumunci, ta san shi tun kafin a haife ka. Kada ka nemi amsa a zaman. In ta yi fushi, ka haƙura ka sha, Zainabu ta ci gaba da kai mata tuwo kamar kullum. Ba na jin za ta bar gari. Wancan karon ta bar inda ba ta da kowa ne sai kabari, yanzu kuwa tana da yara uku da suka yi rarrafe a tabarmarta.

Bayan nan, ko me ta ce, ka ajiye ɗinki kwana ɗaya ka koma Gashuwa kafin Sallah, kai da Babayo, shi ma ya ɗauki rabonsa na kunya. Kada ka aika, ka je da ƙafarka. Ka gaya wa Gaji ba ta karɓi ko ɗaya ba. Ka kuma gaya masa maganar kwana taran nan, in Gogo ta yarda, don ita ma gaskiya ce kuma ta fi ƙaryar da aka ba shi daraja. In ta ce ya zo, ya zo. In ta ce ba yanzu ba, ya jira. Wanda ya jira shekara ashirin da uku yana iya ƙara wata Sallah. In kuwa ta ce har abada, ka isar da saƙon yadda yake, ka dawo kan kekenka, ka yi iyakar naka.

Saura kifin. Atamfa da takalmi suna iya jira, shi ba zai iya ba, kuma akwai gidaje a Nguru da suke buɗa baki da ruwa zalla a bana. Ka tambayi Gogo ko ta yarda a bayar sadaka. Gaji na tabbata ba zai ƙi ba. In ta ce a bayar, ka tambaye ta da sunan wa, sannan ka yi shiru, kai mai surutu, ka bar ta ta faɗa da bakinta. Mai yiwuwa shekara ashirin da uku ke nan ba ta samu wanda za ta kira sunan yarinyar a gabansa ba.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sanyaya zukatan da ta bari, Ya ba ka ƙarfin halin faɗin gaskiya sau biyu a mako ɗaya. A gaida Zainabu da yara, Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya kuma ba mu damina mai albarka baɗi.

Malam Inuwa